Sannu, Sanna

Ta ce a garinsu tafki kan daskare
har mota ta bi ta kai.
Na ce ikon Allah.
Ta ce shi ya sa ba ta ɗauko rigar sanyi ba,
me Kano za ta nuna wa 'yar Finlan?

Ƙarfe bakwai, a Ƙofar Nassarawa,
jaura ta shigo adaidaita sahu
ta gefen da babu labule,
ta zauna tsakaninmu, ba ta biya ko sisi ba.
Baƙuwata ta yi shiru.
Haƙoranta ne ba su yi ba.

Sunan nata ma wani aiki ne.
Mai ƙosai ta ce sannu, ta waiwaya.
Mai faci ya ce sannu da sanyi, ta waiwaya.
Kafin mu kai Ƙofar Mata
ta amsa kira ya fi ashirin,
ta ce, Uwani, wa ya gaya wa garin nan zan zo?
Ban gyara mata ba.

A marina Malam Tasi'u na tsugune,
hannunsa shuɗi har gwiwa.
Ya ce baba ma a watan nan lalaci yake,
ba ya kama zane sai rana ta lallashe shi.
Ta miƙa masa yatsunta,
farcen ya yi shuɗi ba a tsoma ba.
Ya ce wannan rinin ba nawa ba ne,
kai ta Wambai tun bai kama ba.

Mun tarar an fasa dila.
Ta nutsa hannu cikin gwanjo
kamar mai laluben zobe a tulu,
ta zaro wata ja mai kauri,
bareyi masu rassan ƙaho sun yi layi a ƙirji.
Ta juya wuyan rigar.
Ta karanta, ta sake karantawa a fili,
yarensu ne.
Ƙasa da shi wani ya rubuta suna da biro,
irin yadda uwa ke yi wa ɗan makaranta.
Sagiru ya ce dubu biyar.
Na taya biyu, ya ce albarka.
Ita ko ta riga ta saka.
Rigar ta riga ta zuwa Kano,
ta yi shekara nawa tana jira, oho.

A kan Dala na so in yi bajinta.
Na kwana ina haddar shekaru,
wa ya gina, wa ya faɗaɗa ganuwa.
Sai ta tsaya tana kallon hayaƙin murhu
yana tashi unguwa-unguwa,
ladanai na karɓar azahar daga bakin juna.
Ta ce an jima kaɗan rana za ta faɗi a can,
mahaifiyata na zaune ita kaɗai da fitila.
Na haɗiye tarihina.
Muka sauko muna ƙirga matakala,
ita da yarenta, ni da nawa,
lissafin bai zo ɗaya ba.

A Yakasai kakata Ladidi ta hura kasko.
Ba Turanci, ba tambaya.
Kunun tsamiya a kofin silba,
gurasa ta sha ƙuli,
sannan ta jawo ƙafar baƙuwa kan cinyarta,
ta duba dugadugan, ta girgiza kai,
ta lakato man kaɗanya.
Ta ce duk wanda ya taka garin nan a hunturu
sai ya biya da kaushi,
fari ne ko baƙi.

Garwashi ya yi ja, ɗaki ya ɗau ɗumi.
Kaka ta ɗaga ido ta ce, sannu.
Na zuba kunne.
Sanna ba ta waiwaya ba.
Ta riƙe kofin da hannu biyu,
ta ce, yauwa.